Ko Sisi, Ko Tamma: Asalin Waɗansu Kalmomin Kasuwa, Bariki da Tasha

Baƙon da ya taso daga Katsina ya sauka kasuwar Maraɗi yakan sha mamaki wajen ciniki a ranar farko. Ya tambayi kuɗin ƙosai, mai tuya ta ce masa dala ashirin, alhali kuwa lambar da ke jikin ƙarfen da take nufi ita ce 100. Haka kuma mutumin Maraɗi in ya haye iyaka ya ji wani dattijo yana kiran naira 200 jaka guda, shi ma yakan rikice, gama a wurinsa jika ita ce sefa 1000. Harshensu ɗaya ne, watakila ma kakanninsu ɗaya, amma lissafinsu ya bambanta, domin Turawa iri biyu ne suka mallake su, kowanne da irin kuɗinsa.

Irin waɗannan kalmomi ba a aji ake koyonsu ba. A kasuwa ake tsintarsu, da tasha, da bariki, da dandalin samari. Malaman harshe suna kiran sabuwar maganar da ta shigo yayi da sunan sara. Yawancin sara takan mutu tare da zamaninta, kamar yadda yayin ɗinki yake wucewa. Amma waɗansu kalmomi sukan zauna, su tsufa, har a manta cewa dā baƙi ne. Sarakuna suna da maroƙa da marubuta masu adana sunayensu da shekarun sarautarsu. Talaka ba shi da marubuci. Abin da ya same shi, na daɗi da na wuya, yakan laƙa masa suna ne, sunan kuwa ya bi bakin 'ya'ya da jikoki. Saboda haka wanda ya bi sawun waɗannan kalmomi yana karanta tarihin da ba a rubuta ba.

Kuɗin da suka mutu, sunansu ya rayu

Kalmar kuɗi kanta jam'i ce ta wuri, wato ɗan ƙwanson nan na teku da ake kawowa daga tsibiran Maldib na tekun Indiya, wanda aka yi ciniki da shi a ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa. Wuri ya daɗe da barin kasuwa, amma duk wanda ya ce kuɗi yana ambatonsa bai sani ba. Mutanen Gana ma haka suka yi, gama sidi, kuɗin da suka fara kashewa a 1965, sunan wuri ne a harshen Akan.

Da Ingilishi suka zo, sun kawo fam, da sule, da kwabo. Kwabo 12 ne sule guda, sule 20 kuma fam guda. Bakin Bahaushe ya tanƙwara sunayen yadda zai iya furta su. "Pound" ya zama fam, "shilling" ya zama sule, "copper" ya zama kwabo. Kwabo shida, wato "sixpence", ya zama sisi, kwabo tara ya zama nai. Kwabo uku kuwa taro ne, sunan da aka karɓo daga Yarabawa. Mafi ƙanƙanta duka shi ne anini, mai huda a tsakiya, wanda sai an tara goma kafin a sami kwabo guda. Rabin kwabo yana da suna biyu. Ana ce masa ɗari, domin an daidaita shi da wuri ɗari, ana kuma ce masa sisin kwabo, domin kamar yadda sisi yake rabin sule, haka shi ma yake rabin kwabo. Fam 100 kuma aka ce masa jaka, gama cikin jaka ake ƙirga ƙarafan a ɗaure.

Ran 1 ga Janairu 1973 Nijeriya ta bar fam ta koma naira. Fam guda ya zama naira 2, sule ya zama kwabo 10, sisi ya zama kwabo 5. Amma mutane suka ci gaba da lissafinsu na dā shekaru da yawa, shi ya sa jaka ta zama naira 200. Yau ba mai iya sayen kome da sisi ko anini, yara da yawa ba su taɓa ganinsu ba, duk da haka wanda aljihunsa ya bushe yakan rantse cewa ba shi da ko sisi, ko anini, ko sisin kwabo.

A Nijar kuwa, faran guda shi ne tamma, faran 5 kuma dala. Wannan dala dangi ce ga dalar Amurka wajen suna. Dukansu sun fito ne daga "thaler", tsohon kuɗin azurfa na Turai. Wanda aka fi sani a Afirka shi ne mai hoton sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wanda duk waɗanda aka buga bayan rasuwarta suke ɗauke da shekarar 1780, shekarar da ta rasu. Fatake sun san shi tun kafin mulkin mallaka. Da Faransawa suka kawo babban ƙarfensu na faran 5, sai ya gāji sunan. Tun daga nan lissafin kasuwa ya zama na biyar-biyar: faran 25 dala biyar, faran 100 dala ashirin, faran 500 dala ɗari, faran 1000 jika guda. An kafa sefa a watan Disamba 1945, an karya darajarta da rabi a watan Janairu 1994, amma dala ba ta motsa daga bakin mai tuya ba. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana raba kowane farashi da biyar a ka, ba ta kuskure.

Takardun kuɗi ma sun sami laƙabi. Bayan an kashe Janar Murtala Muhammed ran 13 ga Fabrairu 1976, aka fito da takardar naira 20 mai hotonsa a 1977, mutane suka riƙa ce mata Murtala. Takardar naira 50 ta 1991, mai hoton mutanen ƙabilu dabam-dabam, aka ce mata wazobiya. Kalma uku ce aka haɗa, "wa" ta Yarbanci, "zo" ta Hausa, da "bia" ta Ibo, dukansu kuwa ma'anarsu ɗaya, wato zo.

Abin da bariki ya haifa

A 1863 wani hafsan Ingila mai suna John Glover ya tara waɗansu Hausawa a Ikko ya ba su bindiga, yawancinsu bayi ne da suka gudu daga iyayengijinsu. Daga wannan 'yar ƙungiya aka soma. An kai sojan Hausa yaƙin Asante a 1873 zuwa 1874, aka kuma kafa rundunar Hausawa a ƙasar da yau ake kira Gana. Sa'ad da Lugga ya haɗa rundunar Afirka ta Yamma a ƙarshen ƙarni na 19, Hausa ce ta zama harshen da soja suke magana da shi, ko da yake da yawansu ba Hausawa ba ne.

Daga nan aka sami soja, da hafsa, da kofur, da saje, da samanja, da fareti, da gadurum, dukansu Turanci ne da aka tauna aka mai da su na gida. Gidan soja, "barracks", ya zama bariki. Hausar da ake yi a ciki kuma aka ce mata Barikanci. Hausa ce mai sauƙi, wadda ba ta damu da bambanta namiji da tamace ba, inda mutum zai ce yarinya ya zo, ba mai yi masa dariya.

Ma'anar bariki ba ta tsaya a kan soja ba. Ta haɗa da unguwar Turawa da ma'aikatansu, kuku da boyi da masinja, daga nan ta zama sunan duk wata rayuwa da ke nesa da idon iyaye da dangi. In aka ce wane ɗan bariki ne, ana nufin ya goge, idonsa ya buɗe, ba a cutarsa, amma kuma ba a cika ba shi amana ba. In aka ce wance ta shiga bariki, wannan magana ce mai sa uwa kuka. Cikin kalma ɗaya mutanen karkara suka zuba dukan tsoron da suke yi wa sabuwar duniyar da Turawa suka kawo.

A ɓangaren Faransa labarin ɗaya ne, sai dai bakin da aka ɗauko kalmomin dabam ne. Mai mulkin yanki ya zama kumandan, makaranta ta zama lakwal daga "l'école", babbar mota ta zama kamyo. Abin rubutu da mutumin Kano yake kira biro, na Damagaram yakan ce masa bik, dukansu kuwa sunaye ne, na farko na Biro, mutumin Hangari da ya ƙago shi, na biyu na kamfanin Bic na Faransa. Malamin lakwal kuma aka ce masa mushe, daga "monsieur". Wannan takan ba baƙon Nijeriya dariya, gama mushen da ya sani shi ne dabbar da ta mutu ba a yanka ba. Muryar furta su ba ɗaya ba ce, amma a rubuce ba a bambanta su.

Tasha da hanya

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Tare da shi aka sami ma'aikata daga kudu, aka kafa Sabon Gari, Yarbanci kuma ya sami ƙofar shiga Hausa. Akawu, da keke, da oga, duk daga can suke. Gwanjo ma haka, daga "gbanjo", wato sayar da kaya ga wanda ya fi taya su. Da yake Hausa ba ta da sautin "gb", sai aka mai da shi "gw". Yanzu gwanjo ya zama sunan tsofaffin tufafin Turai da ake zubewa a kasuwa. Ƙaramar bas kuma aka ce mata kiya-kiya, daga kalmar Yarbanci mai nufin maza-maza.

Tasha ita ce "station". Kamar bariki, ita ma ta haifi 'ya'ya. Ɗan tasha shi ne mara kunya mai kaifin baki, halinsa kuwa tashanci. Ɗan kamasho, mai tara fasinja a ba shi ladansa, daga "commission" ya sami sunansa. Yaron da ke bin mota yana ɗaure kaya, yana sa waigi, yana kwana ƙarƙashinta, an ce masa karen mota. Wannan ba aro ba ce, Hausa ce zalla, ta kuma faɗi gaskiyar yadda ake riƙonsa.

Sa'ad da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, samari suka fara ɗaukar fasinja a kan babur, kowane gari kuma ya raɗa wa sana'ar suna. A Kano acaɓa ce, a Maraɗi da Damagaram da Ƙwanni kabu-kabu. A kudancin Nijeriya aka ce okada, sunan wani kamfanin jirgin sama na Gabriel Igbinedion, wanda shi ma ya ɗauko shi daga garinsu Okada kusa da birnin Benin. Ba'a ce aka yi, wai babur yana ratsa cunkoso kamar jirgi. Kamfanin ya daɗe da daina tashi, amma sunansa yana yawo a kowane lungu. A Kwatano kuwa zemijan ake cewa, wato ɗauke ni da sauri a harshen Fon.

Keke mai ƙafa uku shi ma sunayen masu mulki ya kwasa. A Ikko an ce masa keke Marwa, domin a zamanin Buba Marwa, wanda ya mulki jihar daga 1996 zuwa 1999, ya bazu. Daga baya aka ce keke Napep, daga sunan shirin yaƙi da talauci da gwamnatin Obasanjo ta kafa a 2001. A Kano gwamna Ibrahim Shekarau ya kafa shirin gyaran tarbiyya mai suna A Daidaita Sahu a 2004, kalmar da liman yake faɗa kafin a ta da salla. Aka kawo kekunan domin ɗaukar mata, da sunan shirin a jikinsu. Shirin ya wuce da gwamnatinsa, keken ya riƙe sunan, musamman bayan an hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013. Sunan ya ƙetare iyaka har Nijar, inda mai shiga adaidaita ba lalle ya san Shekarau ba.

Tsohuwar motar Turai da aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Kwatano aka ce mata 'yar Kwatano, Yarabawa kuwa suka ce tokumbo, wato abin da ya zo daga hayin teku. Masu shigo da kaya ta ɓarauniyar hanya suna da suna biyu. Ɗaya aro ne, 'yan sumoga, daga "smuggler". Ɗaya kuma na gida ne, 'yan fasa-ƙwauri, wanda ya nuna mutum yana ratsa daji da dare yana karo da kututture. Kafin a ja iyaka tsakanin Katsina da Maraɗi, wannan tafiya sunanta fatauci.

Yunwa da cuta

Manoma ba su cika riƙe lambar shekara ba, amma ba su manta sunan yunwa. Tsofaffi sun ba da labarin Kakalaba, babbar yunwar 1913 zuwa 1914, da ita kuma suke auna shekarun haihuwa da na aure. A 1984 damina ta ƙi a Nijar da arewacin Nijeriya. A watan Afrilu na wannan shekara gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya sa'ad da take canjin kuɗi, ba a kuwa buɗe su ba sai 1986, bayan an kawar da shi. Hatsin da aka saba shigowa da shi daga kudu ya yanke a daidai lokacin da rumbuna suka ƙare. Mutanen Nijar suka sa wa wannan yunwa suna El Buhari, wato 'yar Buhari a karin harshensu. Ba wata majalisa da ta zauna ta yanke wannan suna. Hukunci ne na talakawa, ya kuma fi takardun gwamnati daɗewa.

Ciwon idon nan mai yaɗuwa, wanda yake sa ido ja da ƙaiƙayi, ana ce masa afolo. An fara ganin annobarsa a Gana a 1969, shekarar da kumbon Amurka mai suna Apollo 11 ya kai mutane duniyar wata a watan Yuli. Mutane suka haɗa biyun, wai daga can aka kwaso shi. Ƙwayar cuta ce take kawo shi, ba ruwansa da wata, amma sunan ya bi Afirka ta Yamma duka.

Cutar da ta bayyana a shekarun 1980, wadda ake kira sida a Nijar bisa ga Faransanci, an ce mata ƙanjamau a Hausa, daga ƙanjamewa, wato ramewa har ƙashi ya fito. Samari kuma suka yi mata laƙabi masu ambaton kabari. Waɗannan sunaye sun yi ɓarna. Sun sa duk ramamme ya zama abin zargi, sun kuma sa masu ɗauke da cutar suna ɓuya maimakon su nemi magani. Shi ya sa ma'aikatan lafiya suka koma cewa cuta mai karya garkuwar jiki, musamman da yake yanzu akwai maganin da yake riƙe mutum shekaru da yawa cikin ƙoshin lafiya.

Siyasa

Sa'ad da jam'iyyu suka bayyana a arewacin Nijeriya, NEPU a 1950, NPC kuma a 1951, kowace ta tara samari masu tsaron taronta da manyanta. Aka ce musu 'yan banga, daga "vanguard", wato masu shiga gaba. Da farko suna ne na aiki, daga baya ya zama na 'yan sara-suka da ake haya lokacin zaɓe, yanzu kuma har masu sintirin tsaron ƙauye ana kiransu da shi.

A 1975 aka biya ma'aikatan Nijeriya ƙarin albashi tare da bashin watanni, bisa ga shawarar hukumar da Jerome Udoji ya shugabanta. Kasuwa ta cika da masu sayen rediyo da babur, farashi kuma ya tashi bai sauko ba. Shekaru da yawa bayan haka, duk kuɗin da ya faɗo wa mutum ba zato akan ce ya sami Udoji. Ɗan damfara kuwa aka ce masa fo-wan-nain, domin sashe na 419 na dokar laifuffuka ta Nijeriya ne yake magana a kan karɓar dukiya ta hanyar ƙarya. Abin mamaki shi ne wannan doka ta kudu ce, gama tun 1960 arewa take da tata dabam, amma lambar ta shiga bakin kowa har Yamai.

A Nijar, bayan Babban Taron Ƙasa na 1991 da zaɓen 1993 wanda ya kawo Mahamane Ousmane, kalmar canji ta cika gari. Ba da daɗewa ba wata ta biyo ta, wato wasoso. Asalinta wasan yara ne, a watsa abu a ƙasa kowa ya yi rububin ɗauka. Mutane suka ɗora ta a kan yadda masu mulki suke rabon muƙamai da dukiyar ƙasa.

Wadda ta fi su tafiya ita ce tazarce. A 1998 magoya bayan Janar Sani Abacha suka riƙa cewa ta zarce, wato mulkinsa ya ci gaba, har jam'iyyu biyar ɗin da ke akwai suka tsai da shi ɗan takara. Wata doguwar riga da aka yi yayinta a lokacin ma ta sami sunan. Abacha ya rasu ran 8 ga Yuni 1998, amma kalmar ba ta bi shi ba. Bayan shekara 11 ta fito a Nijar, sa'ad da shugaba Mamadou Tandja ya nemi ƙarin shekara uku ta wurin ƙuri'ar raba-gardama ran 4 ga Agusta 2009. Jaridun Faransanci suka ɗauke ta yadda take, ba su fassara ba. Soja suka hamɓarar da shi ran 18 ga Fabrairu 2010. Yau duk mai riƙe da kujera da ya ƙi sauka, ko na ƙasa ne ko na ƙungiyar unguwa, akan ce yana neman tazarce.

Waɗanda suka tafi baƙunci

Hausa ba karɓa kaɗai take yi ba, tana bayarwa. Fataken goro da suka bi hanyar Gwanja zuwa Salaga sun bar zango a Gana, inda unguwar baƙi a kowane gari ake ce mata zongo. Wake ya zama "waakye", tuwon zafi ya zama "tuo zaafi". Matan da ke dako a kasuwannin Ankara ana ce musu kayayei, daga kaya na Hausa da kalmar Ga mai nufin mata. Wahala, wadda Hausa ta aro daga Larabci, ta shiga Yarbanci da Turancin kasuwa na bakin teku. Suya ta zama soya a Kamaru.

Akwai kuma jakar nan ta leda mai zane-zane da ake kira Gana-mas-go. A watan Janairu 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, wajen mutum miliyan ɗaya daga cikinsu 'yan Gana ne, akwai kuma 'yan Nijar da yawa. Cikin irin wannan jaka suka ƙulle kayansu. Kafin wannan, a 1969, gwamnatin Busia ta Gana ita ma ta kori baƙi, Hausawa da Yarabawa da yawa suka bar gidaje da shagunan da suka gina. Mai sayen jakar yau ba ya tuna ko ɗaya daga cikin biyun.

Waɗansu kalmomi kuwa sun lalace a baƙunci. Aboki kalma ce mai daɗi, amma a kudancin Nijeriya ta zama sunan reni ga ɗan arewa mai gadi ko mai gyaran takalmi. Maigida kalma ce ta girma, amma a kudancin Kamaru magida laƙabi ne da ake yi wa mutumin arewa. Kafin Bahaushe ya yi fushi, sai ya duba nasa bakin. Jabu, wadda ake faɗa wa duk abin da ba na gaske ba, daga sunan Ijabu ta fito, wani yanki na ƙasar Yarabawa inda aka kama masu buga kuɗin ƙarya a zamanin Turawa. Laifin mutane kaɗan ne, amma aka shafa wa al'umma duka, har yau kuma ana maimaita shi ba da sani ba.

Darasin boko

Mai bin asalin kalma yana bukatar hattara, gama kama da wane ba ta wane. Shekaru da yawa ana koyarwa, ana kuma rubutawa, cewa boko daga "book" ta fito. Maganar tana da daɗin ji, amma ba haka ba ne. G. P. Bargery, wanda ya fara aiki a ƙasar Hausa a matsayin ɗan mishan na CMS kafin ya koma aikin ilimi na gwamnati, ya buga babban ƙamusunsa a 1934. A ciki an nuna boko da ma'anar algus, da yaudara, da abin da aka yi don ganin ido. Amaryar boko ita ce wadda ake ɗorawa a kan doki a yi ta kiɗa, alhali amaryar gaske an riga an kai ta ɗakinta a ɓoye. Biri-boko kuma kowa ya san shi. A 2013 masanin Hausa Paul Newman ya bi maganar daki-daki, ya nuna cewa kalmar ta gida ce tun asali.

Abin da ya faru shi ne, sa'ad da Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, mutanen da suka saba da allo da ajami suka dubi sabon karatun suka ce na boko ne, wato ba na gaske ba. Reni ne aka yi masa. Amma 'yan boko suka zama akawu, da malamai, da likitoci, da gwamnoni, har kalmar ta wanke, iyaye suna sayar da akuya don ɗansu ya yi boko. Wanda ya ce daga "book" ta fito ya share wannan gardama duka daga tarihi, gardamar da har yanzu ba ta mutu ba, kamar yadda laƙabin da mutanen Maiduguri suka yi wa ƙungiyar Boko Haram ya nuna.

Ƙamus yana kama kalma ne bayan ta zauna. Labarin ranar da aka haife ta kuwa yana wurin tsofaffin direbobi, da tsofaffin soja, da matan kasuwa, waɗanda suke raguwa kowace shekara. Yaron da ya iya rubutu, in ya zauna da kakarsa ya tambaye ta abin da tamma take saya a ƙuruciyarta, da sunan yunwar da aka yi shekarar aurenta, ya kuma rubuta amsar a littafinsa, ya adana abin da ba ya cikin ofishin kowace gwamnati. Wanda kuma ya san inda jabu da aboki da ƙanjamau suka fito, zai auna su kafin ya jefi maƙwabcinsa da su, gama Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.